Turki Al-Sheikh: daga rikicin ƙwallon Masar zuwa riƙe ragamar damben duniya

Ranar 13 ga Satumba 2025, mutum sama da 70,000 suka cika filin wasa na Allegiant da ke Las Vegas domin kallon damben boksin tsakanin Canelo Álvarez na Meziko da Terence Crawford na Amurka. Crawford ya yi nasara da maki bayan turmi 12. Sai dai masu bin harkar sun fi tsayawa kan waɗanda suka haɗa wasan. Wanda ya fito gaba yana tallata shi Dana White ne, shugaban UFC, kamfanin da aka sani da wani nau'in faɗa daban. Netflix ce ta nuna shi. Kuɗin kuwa daga Riyadh suka fito, ta hannun mutumin da 'yan dambe da masu shirya musu wasa ke kira "Mai Girma", wato Turki Al-Sheikh.

Makonni kaɗan kafin wannan dare, an shigar da ƙudurin doka a Majalisar Wakilan Amurka da zai taɓa dokar da ke kare 'yan boksin tun shekarar 2000. Wasu na cewa gyara ne da aka daɗe ana jira, wasu na cewa hanya ce ake share wa kamfani guda ya haɗiye wasan. Mai son fahimtar wannan taƙaddama sai ya fara da mutumin da ke tsakiyarta, ya ga abin da ya yi a ƙwallon ƙafa, sannan ya ga dalilin da salon da ya gamu da turjiya a can ya samu ƙofa a buɗe a dambe.

## Jami'in tsaron da aka miƙa wa wasanni

An haifi Turki a Riyadh a 1981. Ba yariman gidan sarautar Saudiyya ba ne, kuma ba daga filin wasa ya taso ba. Kwalejin Tsaro ta Sarki Fahd ya yi, ya gama a 2001, ya yi aiki a ma'aikatar cikin gida, daga baya ya shiga cikin makusantan Yarima Muhammad bin Salman. A 2015 ya zama mai ba da shawara a fadar Sarki, a 2017 aka ba shi matsayin minista, a Satumbar wannan shekara kuma aka naɗa shi shugaban hukumar wasanni ta ƙasa.

Wata goma sha biyar kacal ya yi a kujerar, amma an ga sauye-sauye masu yawa. A Janairu 2018 aka fara barin mata shiga filin ƙwallo a Saudiyya, a wani wasa da aka buga a Jidda. A watan nan ne kuma aka tura 'yan wasan Saudiyya tara aro zuwa ƙungiyoyin Sifaniya don su goge kafin gasar cin kofin duniya. Salem Al-Dawsari ya tafi Villarreal, Fahad Al-Muwallad ya tafi Levante, amma kusan dukkansu a benci suka ƙare kakar. Da Rasha ta zura wa Saudiyya ƙwallo 5 babu ko ɗaya a wasan buɗe gasar, Turki ya fito a bidiyo ya caccaki 'yan wasan. A Disamba 2018 aka mayar da shi shugaban hukumar nishaɗi ta ƙasa. Daga wannan ofishi yake gudanar da bikin shekara-shekara na Riyadh Season, wanda aka fara a 2019, kuma da sunan bikin ake shirya yawancin manyan damben da yake ɗaukar nauyi.

## Abin da ya faru a Alƙahira da Almería

A ƙarshen 2017 ƙungiyar Al Ahly ta Masar ta naɗa shi shugaban girmamawa. Ba a yi wata shida ba zama ya yi tsami tsakaninsa da shugabannin ƙungiyar, ya ajiye muƙamin. Maimakon ya bar Masar, sai ya sayi wata ƙaramar ƙungiya mai suna Al Assiouty a tsakiyar 2018, ya sauya mata suna zuwa Pyramids, ya ɗauko 'yan wasa daga Brazil irin su Keno da Rodriguinho da kuɗin da gasar Masar ba ta saba gani ba. Manufar a fili take: ya karya kane-kanen da Al Ahly da Zamalek suka yi shekara da shekaru.

Abin bai zo da sauƙi ba. A Satumba 2018 magoya bayan Al Ahly suka yi ta rera masa zagi a filin wasa, ya ce zai janye jarinsa daga ƙasar. Pyramids ta ƙare ta uku a kakar, a 2019 kuma ya sallama ta ga wani attajirin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Salem Al Shamsi. Dole a faɗi cewa ginin da ya fara bai rushe ba: a Yuni 2025 Pyramids ta doke Mamelodi Sundowns ta ɗauki kofin zakarun Afirka. Amma sai bayan shekara shida da barinsa, kuma a hannun wani.

A Agusta 2019 ya sayi Almería, ƙungiyar da ke rukuni na biyu a Sifaniya. A nan an ga ƙarfinsa da rauninsa a lokaci guda. Don ya cika fili, sai ya riƙa sa motoci ƙirar Audi a ƙuri'a ga 'yan kallo. Masu horarwa kuwa bai yi musu haƙuri ba. Ya sallami Pedro Emanuel alhali ƙungiyar tana ta biyu a tebur, ya kawo Guti, tsohon ɗan wasan Real Madrid, shi ma bai kai ƙarshen kakar ba. Sai da aka zo kan Rubi a 2021 aka samu natsuwa.

Inda ƙungiyar ta yi fice a zamaninsa shi ne cinikin 'yan wasa. Ta ɗauko Darwin Núñez daga Peñarol ta Uruguay, bayan shekara guda ta sayar wa Benfica shi a kan Yuro miliyan 24. Wanda aka kawo ya gaje shi ɗan Kaduna ne, Umar Sadiq, daga Partizan ta Sabiya. Sadiq ya ci ƙwallo 20 a kakarsa ta farko, ya ci 18 a ta biyu, kuma da su Almería ta lashe rukuni na biyu ta hau La Liga a 2022. Ana fara sabuwar kaka aka sayar da shi ga Real Sociedad a kan kimanin Yuro miliyan 20. Ƙungiyar ta tsira da ƙyar a shekarar farko. A ta biyu ta buga wasa 28 na farko ba tare da cin ko ɗaya ba, ta faɗo. A 2025 Turki ya sayar da ita ga wani ɗan kasuwar Saudiyya.

Ƙwallo wasa ne mai shinge ta ko'ina. Akwai tebur da ba ya sauraron roƙo, akwai dokar La Liga da ke ƙayyade abin da ƙungiya za ta kashe gwargwadon abin da take samu, akwai magoya baya da suka gaji ƙungiya daga iyaye da kakanni. Komai kuɗin mutum, sai ya jira a buga wasannin kaka ɗaya bayan ɗaya.

## Wasan da ba shi da uban gida

Boksin ba haka yake ba. Babu wata hukuma guda irin FIFA da ke tsara wa ƙwararrun 'yan dambe wanda zai kara da wa. Ikon a rarrabe yake tsakanin ɓangarori uku.

Na farko su ne ƙungiyoyin da ke ba da kambu: WBA, WBC, IBF da WBO. Kowace tana da jerin gwanayenta, kowace tana da zakaranta a kowane ajin nauyi, kuma kowace tana karɓar kaso, yawanci wajen kashi 3 cikin ɗari, daga kuɗin ɗan damben da ya yi wasa a kan kambunta. Shi ya sa a aji ɗaya ake iya samun mutum huɗu kowa na amsa sunan zakaran duniya. Na biyu su ne masu shirya wasa, kwatankwacin mai gidan dambe a wajenmu: su ke kama fili, su sayar da tikiti, su biya 'yan wasa. Manyansu sun haɗa da Eddie Hearn da Frank Warren a Birtaniya, da Bob Arum da Oscar De La Hoya a Amurka. Na uku gidajen talabijin ne, waɗanda kowane mai shirya wasa ke ɗaure da ɗayansu.

Idan gwanaye biyu suna hannun iyayengiji daban-daban da tashoshi daban-daban, haɗa su sai an sha fama, domin kowa na tsoron a kashe masa ɗan wasan da yake ci da shi. Floyd Mayweather da Manny Pacquiao sun shafe kusan shekara biyar ana ja-in-ja kafin su haɗu a 2015. Anthony Joshua da Deontay Wilder ba su haɗu ba a lokacin da kambun masu nauyi duka huɗu ke hannunsu su biyu. Ko bayan an haɗa kambun, riƙe su wani aiki ne: Oleksandr Usyk ya tattara huɗun a Mayu 2024, amma bayan 'yan makonni ya saki na IBF, saboda ƙungiyar tana da wanda take son ya kara da shi, shi kuma yana da alƙawarin sake haɗuwa da Tyson Fury.

Wannan giɓi Turki ya shiga. Abin da ke hana wasa yawanci rabon kuɗi ne, shi kuwa ya zo da kuɗin da ba lallai sai tikiti da talabijin sun mayar da su ba.

## Shekara biyu da suka sauya ajin masu nauyi

Saudiyya ta karɓi manyan dambe kafin shi, kamar karawar Joshua da Andy Ruiz ta biyu a Diriyah a 2019. Amma zamanin Turki ya fara ne ranar 28 ga Oktoba 2023, da ya haɗa Fury, zakaran WBC, da Francis Ngannou ɗan Kamaru, tsohon zakaran UFC wanda bai taɓa yin boksin na ƙwararru ba. Ngannou ya kai Fury ƙasa a turmi na uku. Alƙalai biyu suka ba Fury, ɗaya ya ba Ngannou.

Daga nan wasanni suka riƙa zuwa a jere. Hearn da Warren, waɗanda suka yi shekaru ba sa ga maciji, suka zauna a teburi guda. A Maris 2024 Joshua ya kashe Ngannou a turmi na biyu. A Mayu Usyk ya doke Fury, ya zama na farko da ya haɗa dukkan manyan kambun masu nauyi tun bayan Lennox Lewis a 1999. Artur Beterbiev da Dmitry Bivol suka kara sau biyu, kowa ya ci ɗaya. A Satumba 2024 sunan Riyadh Season ya isa Wembley a Landan, inda Daniel Dubois ya kashe Joshua a turmi na biyar. Ko masu sukar Turki ba sa musa cewa wasannin da aka daɗe ana nema sun samu.

A Nuwamba 2024 ya ƙara wani mataki da ya fi haɗa wasa nauyi: ya sayi mujallar The Ring daga hannun De La Hoya. Mujallar, wadda aka kafa a 1922, tana da jerin gwanayenta da kambunta, kuma darajarsu ta samo asali ne daga cewa ana ganin 'yan jarida ne ke tsara su. Yanzu mai biyan 'yan dambe shi ne mai mujallar da ke auna su.

## Zuffa da Dokar Muhammad Ali

A Maris 2025 aka sanar da sabon kamfanin boksin tsakanin Turki, da kamfanin Sela na Saudiyya, da TKO, uwar kamfanonin UFC da WWE mai shirya kokawar nishaɗi. An sa masa suna Zuffa Boxing, Dana White ne ke jan sa. Jari daga Saudiyya yake, gudanarwa kuma ta TKO ce.

Sai an san tsarin UFC za a gane abin da ake nufi. UFC na shirya gaurayen faɗa ne da ya haɗa naushi, shuri da kokawa. A can kamfanin ne ke ɗaukar ɗan wasa, shi ke tsara jerin gwanaye, shi ke ba da kambu, shi ke cewa wane zai kara da wane. Amfanin wannan a bayyane yake: zakara ɗaya a kowane aji, kuma gwani ba ya iya guje wa gwani na dogon lokaci. Da wannan tsari kamfanin da aka saya dala miliyan 2 a 2001 ya kai wajen dala biliyan 4 da aka sayar da shi a 2016. Illarsa kuma ta fito a kotu. Tsofaffin 'yan wasan UFC sun kai ƙara cewa kamfanin ya yi amfani da ƙarfinsa ya danne musu albashi, takardun shari'ar suka nuna kason 'yan wasa bai wuce kashi 20 cikin ɗari na kuɗin shiga ba. An sasanta a kan dala miliyan 375, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Ngannou kansa yana riƙe da kambun masu nauyi ya bar UFC a Janairu 2023 saboda saɓani kan kwantiragi.

A boksin ɗin Amurka wannan tsari yana cin karo da Dokar Muhammad Ali ta 2000. An yi ta ne a lokacin da ƙorafi ya yi yawa kan yadda masu shirya wasa ke cutar 'yan dambe, kuma a lokacin da ake shari'ar shugaban IBF, Robert Lee, bisa zargin karɓar na goro don ɗaga 'yan wasa a jeri. Dokar ta raba aikin mai shirya wasa da na manajan da ke kare ɗan dambe. Ta hana jami'an ƙungiyoyin kambu karɓar komai daga masu shirya wasa in ban da kuɗin da aka bayyana. Ta kuma wajabta wa mai shirya wasa ya nuna wa ɗan dambe abin da shi mai shirya wasan zai samu daga wasan, don ɗan damben ya san ko rabonsa ya yi daidai. Dokar ba ta shafi UFC ba.

Ƙudurin da Brian Jack na jam'iyyar Republican da Sharice Davids ta Democrat suka gabatar a Yuli 2025 bai ce a soke dokar ba. Ya buɗe hanya ta biyu ce a gefenta: a yarda kamfani ya yi rajista a matsayin haɗaɗɗiyar ƙungiyar boksin, ya shirya wasa, ya tsara jerinsa, ya ba da kambunsa, matuƙar ya cika sharuɗɗan lafiya da gwajin ƙwayoyi. A sigar da aka fara gabatarwa akwai mafi ƙarancin dala 150 a kowane turmi, da inshorar jinya ta aƙalla dala 25,000.

Masu goyon baya, ciki har da Lonnie Ali, matar marigayi Muhammad Ali, suna cewa ba a tilasta wa kowa ba. Ɗan dambe na da zaɓi ya tsaya a tsohon tsari. Suna ƙarawa da cewa tsohon tsarin bai tsinana wa ƙananan 'yan wasa komai ba, kuma ƙungiyoyin kambu sun daɗe suna tara kuɗi da kambuna barkatai. A Disamba 2025 WBC ta ƙwace kambunta daga Crawford a kan kuɗin da ta ce bai biya ba, abin da ya ƙara wa wannan hujja ƙarfi a idon mutane da yawa.

Masu adawa, ciki har da jikan Ali, ɗan dambe Nico Ali Walsh, da De La Hoya, suna cewa zaɓin na baki ne kawai. Idan manyan kuɗi da manyan tashoshi suka koma gida ɗaya, wanda ya ƙi shiga zai rasa abokin karawa da masu kallo. Kuma ɗan damben da kambunsa mallakar kamfani ne ba zai iya ɗaukarsa ya tafi wani wuri neman tayi mai tsoka ba. Kowane ɓangare yana da abin da yake karewa: TKO ce za ta fi cin moriyar sauyin, De La Hoya da ƙungiyoyin kambu kuma kasuwarsu ce za ta ragu. Ma'aunin da ya fi amfani shi ne batun bayyana kuɗin shiga, domin da shi manyan 'yan boksin suke karɓar kaso mafi girma fiye da takwarorinsu na UFC.

## Zargin wanke suna

Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, irin su Amnesty International, suna kallon wannan kashe kuɗi a matsayin wanke sunan gwamnati da wasanni, musamman bayan kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi a Istanbul a Oktoba 2018, da ɗaure masu suka a intanet. Suna haɗa shi da sayen ƙungiyar Newcastle ta Ingila da kuɗin Saudiyya a 2021, da karɓar baƙuncin gasar kofin duniya ta 2034 da ƙasar ta yi. Hukumomin Saudiyya na cewa wani ɓangare ne na shirin 2030 na rage dogaro da man fetur, da jawo baƙi, da samar wa matasan ƙasar nishaɗi a gida. A wata hira da Fox News a 2023, Yarima Muhammad bin Salman ya ce idan abin da ake kira wanke suna zai ƙara wa tattalin arziƙin ƙasarsa kashi ɗaya cikin ɗari, zai ci gaba da yi.

## Mai kallo da ƙaramin ɗan dambe

Ga mai kallo a Kano ko Maraɗi, sauyin farko na agogo ne. Riyadh ta riga Najeriya da Nijar da awa biyu, don haka babban wasan can yakan faɗo wajen ƙarfe 11 zuwa 12 na dare, lokacin da mai gidan kallo zai iya barin janareta a kunne. Na Las Vegas kuwa sai goshin asuba. Sauyi na biyu na farashi ne. An saba sayar da babban dambe a tsarin biya-ka-kalla, kuɗi daban a kan kowane wasa, amma na Canelo da Crawford duk mai rajistar Netflix ya kalle shi ba ƙari. 'Yan kallon Birtaniya da Amurka kuma suna kukan cewa an kwashe musu manyan wasanni zuwa zauren da ba shi da irin sowar da suka saba.

Manyan 'yan dambe sun samu kuɗin da ba su taɓa gani ba. Ngannou, wanda ya yi haƙar yashi yana yaro a Batié, ya ratsa Najeriya da Nijar da Aljeriya da Maroko kafin ya isa Turai, ya ce dala 600,000 aka biya shi a wasansa na ƙarshe a UFC. Rahotanni sun ce karawarsa da Fury ta kawo masa wajen dala miliyan 10. Haɗarin shi ne farashin ya tashi sama da abin da kasuwa za ta iya ɗauka. Masu shirya wasa a ƙananan zauruka suna cewa 'yan wasa na jiran kiran Riyadh maimakon su yi wasa a gida. Kuma kuɗin ya rataya ne ga shawarar gwamnati guda da sha'awar mutum guda, wanda ya bar Pyramids bayan shekara ɗaya, ya bar Almería bayan kusan shida.

Can ƙasa kuwa, inda mafi yawan 'yan damben Afirka ta Yamma suke, kuɗin Riyadh bai kai ba, dokar Amurka ma ba ta da hurumi. A Maris 2025 Segun Olanrewaju, tsohon zakaran Najeriya da Afirka ta Yamma, ya yanke jiki ya faɗi a turmi na uku a zauren Bukom da ke Akara, ya rasu yana da shekara 40. A Satumba, watan da aka yi wasan Las Vegas, ɗan damben Gana Ernest Akushey ya rasu kwanaki bayan wani wasa, hukumar wasanni ta ƙasar ta dakatar da boksin baki ɗaya. Gwajin lafiya kafin wasa, da likita da motar asibiti a bakin fage, da inshora, duk suna hannun hukumomin boksin na Legas da Akara ne.